Ranar da Na Tara Dattawa a Gonar Gwaggo

Tun da na kafa wani farin abu mai kama da murfin tukunya a kan bututun ƙarfe a kusurwar katangar gidanmu nake shan tambaya. Yara sun ce na kallon ƙwallo ne. Wata maƙwabciyarmu ta tambayi Inna ko maganin tsawa ne. Akwai ma wanda ya ja ni gefe bayan sallar Magariba ya ce, "Malam, ba dai abin leƙen asiri ba ne ko?" Na yi wa mutane da yawa alkawarin bayani, to ga shi yau. Sai dai bayanin ba zai fito ba sai na haɗa da kunyar da na sha wata Asabar a gonar Gwaggo.

Ga wanda bai san ni ba, awon fili ne sana'ata. Ni ba cikakken safiyo mai hatimi ba ne. Ina aiki ne a ƙarƙashin wani ogana mai rajista da hukumar SURCON, shi ke sa hannu a taswira, ni ke shan rana. Aikin reluwe ne ya kawo kakana Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, Baba ma a reluwe ya yi ritaya. Ni ne na farko a gidan da ya bar layin dogo ya kama igiyar awo.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya sayi gona a bayan gari ta hanyar Gidan Waya, wajen kilomita 9 daga gidanmu, a hannun wani dattijo ɗan asalin wurin, tun ba a haife ni ba. An yi takarda, shaidu sun dangwala hannu. Takardar tana cikin akwatin ƙarfe a shagonsa na kasuwa, kowa kuma ya san abin da ya sami kasuwar Kafanchan a watan Afrilun 2011, ba sai na fama wa kowa miki ba. Takarda ta tafi, mai gona ya rasu, wanda ya sayar ma ya rasu. Abin da ya rage shi ne shingen ƙerana ta gabas, da wata ɗorawa ta arewa, da abin da ke cikin kan tsofaffi. Daga baya ɗorawar ma aka sare ta aka yi gawayi.

In faɗi gaskiya, babu wanda ya tayar wa Gwaggo da rigima. Ɗan wanda ya sayar da gonar, wanda shi ma yanzu ya yi furfura kuma shi ne maƙwabcinta ta arewa, shi da kansa ya aiko ya ce a zo a kafa duwatsu tun suna da rai, don yaran da ke tasowa ba su san abin da suka sani ba. Gwaggo ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, tun da aikinka ne, ka fitar da ni." Na ce, "Gwaggo, an gama." Aka sa ranar Asabar a watan Fabrairun 2024, don Juma'a tamu ce, Lahadi tasu.

Ta tambaye ni abin da kowa ke tambaya: wayar hannu ba ta nuna wuri ba? Tana nunawa, amma da kuskure. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda na Amurka ne, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Rasha na da nata, Turai na da nata, Sin ma haka. Kowane tauraro yana aiko da saƙon lokaci, na'urar da ke ƙasa ta lissafa nisanta da kowannensu, daga nan ta gane inda take. Matsalar ita ce saƙon yana ɗan jinkiri wajen ratsa sararin sama, agogon tauraron da hanyarsa ma ba su rasa 'yar tangarɗa. Shi ya sa waya kan kauce da mita 3 zuwa 5. In kana neman gidan biki ne, wannan ba komai ba ne. Amma filin da muke kira hamsin da ɗari faɗinsa mita 15 ne kacal. Kaucewar mita 4 a nan ɗaki guda ne, ɗaki guda kuwa ya isa ya raba zumuncin shekara arba'in.

Dabarar masu awo ita ce a yi aiki da na'ura biyu. Ɗaya a kafa ta wuri guda da aka san lambobinsa daidai, ba ta motsi. Tun da ta san inda take, duk kuskuren da ya zo daga sama za ta gane shi. Ɗayar kuma tana kan sanda a hannun mai awo. Muddin tazararsu ba ta wuce kilomita 20 zuwa 30 ba, kusan kuskure ɗaya suke gani, don haka ta zaune tana aika wa ta yawo saƙon gyara kowace daƙiƙa. Sunan wannan dabara RTK, kuma tana sauko da kuskure zuwa santimita 1 ko 2, da ƙarin kamar milimita ɗaya a kan kowace kilomita ta tazara. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya yana da irin waɗannan tashoshi na dindindin da ake kira NIGNET, waɗanda aka fara kafawa a 2008, akwai a Zariya da Abuja da Toro ta jihar Bauchi. To amma kowacce ta fi kilomita 100 daga nan, ta yi mana nisa.

Abin da muka saba shi ne mu ɗauki ta zaunen zuwa daji, mu kafa ta a kan ƙafafu uku, mu bar yaro yana gadi, saƙon gyaran ya bi ta rediyo. Tudu ko kurmin mangwaro kaɗai ya isa ya yanke rediyon, balle a gindin duwatsun Kagoro. Sai na ce me zai hana ta zaunen ta zauna a gida ɗungurungum, saƙon ya biyo ni ta intanet duk inda nake? Na yi tari na sayi ƙananan na'urori biyu na u-blox samfurin ZED-F9P, da 'yar kwamfuta Raspberry Pi wadda ba ta fi sabulun wanki girma ba. Na sa mata manhajar RTKLIB, wadda wani malami ɗan Japan, Tomoji Takasu, ya rubuta ya bar wa duniya kyauta. Hanyar aika gyaran ta intanet kuwa sunanta NTRIP, daga hukumar taswira ta Jamus ta fito, kuma ta saba bi ta ƙofa mai lamba 2101. Ban ɗora eriyar a kan kwano ba, don kwano yana motsi da zafi da iska. A jikin katanga na dasa bututun da siminti. Na bar na'urar ta yi awa 24 tana sauraron taurari, na aika bayanan ga wani shafin gwamnatin Kanada da ke lissafawa kyauta, aka dawo mini da lambobin wurin. Wannan shi ne farin abin da kuke gani.

Na gwada a tsakar gida. Cikin 'yan daƙiƙu allon waya ya nuna kalmar da duk mai awo ke jira, wato Fix, alamar an sami daidaito na santimita. Na fita ƙofar gida na sake gwadawa, haka. Na gwada sau ya fi goma, har Inna ta ce in daina tsalle kar in zubar mata da gari. Abin da ban lura da shi ba, duk wannan gwaji wayata tana kan wayifai na gida ne, ita da 'yar kwamfutar suna shan ruwa a randa ɗaya. Na dai buɗe ƙofar 2101 a akwatin intanet ɗinmu mai layin waya, na rubuta adireshin da wani shafi ya nuna mini a matsayin namu, na kwanta da murna.

Ranar Asabar tun ƙarfe takwas an hallara. Ga mai unguwar wurin, ga dattijon maƙwabcin da ƙannensa biyu, ga ɗansa da ya zo daga Jos musamman, ga Baba da limamin masallacinmu, ga Gwaggo a gindin mangwaro da 'yar kujerarta. An sayi siminti, an kawo yashi, mai haɗa turaku yana jira. Tsofaffin suka zaga gonar da ƙafa, suka nuna kututturen ɗorawar, suka yi 'yar muhawara a kan wani tsohon kwalbati, suka daidaita. Mai unguwa ya juyo ya ce, "To injiniya, saura kai."

Na kafa sanda, na kunna. Taurari sun fi ashirin a allo. Sabis cike yake, har saƙonnin WhatsApp suna shigowa. Na danna haɗi da gida, shiru. Na sake, shiru. Na kira ƙanwata na ce ta duba ko an ɗauke wuta. Ta ce, "Yaya, an ɗauke, amma batir na ci, duk fitilun suna ƙiftawa." Na ce ta kashe akwatin ta kunna. Ta yi. Na sauya layi, na hau kan suri, na sauko. Awa ɗaya da rabi ina wannan, gumi yana bin bayana alhali sanyin hunturu bai gama tafiya ba.

Ɗan dattijon, mutum mai ilimi da natsuwa, ya matso ya tambaye ni me ake jira. Na ce gyara ne daga na'urar da ke gida. Ya ce, "Gidan wa?" Na ce gidanmu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato abin da zai faɗi iyakar gonar babana yana gidanku ne?" Bai faɗa da faɗa ba, ni ma da ni ne a matsayinsa haka zan tambaya. Ya ce ba za a zuba siminti ba sai an karanta lambobi a gaban kowa, kuma ya gamsu. Mai unguwa ya ce a ɗage zuwa mako biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa." Gwaggo ba ta ce mini komai ba, ta ɗauki kujerarta. Wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi. A mota Baba ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Iyakar maganarsa ke nan har muka iso gida.

Kwana uku ina bincike kafin in gane. Na buɗe shafin akwatin intanet na gida na duba adireshin da kamfanin layi ya ba shi, sai na ga ya fara da 10, ya kuma sha bamban da wanda shafin waje ya nuna mini. A nan matsalar take. Adireshin intanet irin na da guda biliyan 4.3 ne kawai a duniya, kuma babban rumbun da ake rabawa daga ciki ya ƙare tun Fabrairun 2011. Don haka kamfanonin waya, a nan da ƙasashe da yawa, suna tara masu layi da dama a bayan adireshi ɗaya. Masana suna kiran tsarin CGNAT.

Ku ɗauke shi kamar babban gidan haya mai zaure ɗaya da maigadi. In ka aiki yaro waje, maigadi ya san daga ɗakin da ya fito, in ya dawo da saƙo zai nuna masa hanya. Amma baƙon da ya zo daga waje babu wanda ya kira shi, maigadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Shi ya sa WhatsApp da Facebook ke aiki lafiya, don kai ne ka fara fita neman su. Ni kuwa daga gona baƙo nake. Na buɗe ƙofar ɗakina, amma zauren waje ba ni ke da mabuɗinsa ba. Duk wanda yake so ya duba nasa, ya kwatanta adireshin da ke shafin akwatinsa da wanda intanet ke nuna masa. In sun bambanta, ko na akwatin ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to yana cikin gidan haya. Wannan kuma ba na masu awo kaɗai ba ne. Wanda ya sa kyamarar tsaro a shago yana son kallo daga gida zai iya cin karo da shi.

Ina yi wa Baba wannan bayani da daddare a kan tabarma, ban ma zaci yana bi ba, sai ya ce, "To kai dole sai ka shiga gidan? Jirgin Jos ba ya zuwa Inugu neman jirgin Fatakwal. Kowa ya taso ya zo Kafanchan, a nan ake musayar kaya." Ashe amsar ke nan. Tun da maigadi ba ya hana fita, sai na'urar gida ta fita, wayata ma ta fita, su haɗu a wani wuri na uku mai adireshin kansa.

Na tarar da hanya uku. Ta farko, akwai mahaɗa ta kyauta a intanet mai suna RTK2go, inda tashoshi daga ƙasashe da yawa ke tura gyaransu kowa ya ɗiba. Tana da sauƙi, sai dai tana nuna wa duniya inda tasharka take. Na tuna garin da muke ciki da abin da muka gani, na ce ba zan manna lambobin katangar Baba a bainar jama'a ba. Ta biyu, ka yi hayar 'yar kwamfuta a wata ƙasa kana biyan daloli kaɗan duk wata, ta zama mahaɗarka kai kaɗai. Tana da kyau, amma a lokacin biyan dala da katin naira wani aiki ne na daban. Ta uku ita ce VPN. Yawancinmu mun san sunan ne lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, amma ainihin aikinsa shi ne haɗa na'urori masu nisa su zama kamar suna ɗaki ɗaya. Na ɗauki Tailscale, wanda aka gina a kan WireGuard kuma kyauta ne ga mai 'yan na'urori. Na sa a 'yar kwamfutar gida, na sa a wayata. Kowacce ta sami adireshi na sirri da ba ya sauyawa, kuma sai na'urar da na amince da ita ke iya shiga.

Wannan karon na kashe wayifai tukuna. Na hau babur na je tashar jirgi na gwada, na je hanyar Kagoro na gwada, na je gonar kanta har sau biyu ni kaɗai. Ogana ya raka ni wani tsohon turken awo na gwamnati muka duba lambobinsa. Ya tuna mini cewa tsofaffin taswirori suna kan ma'aunin Minna ne, wanda ya bambanta da na GPS da fiye da mita 50 a yankinmu, don haka sai an juya lissafi kafin a kwatanta. Ya kuma yi mini faɗan da na cancanta: da na sa na'urorin biyu suna ajiye bayanansu a ranar farko, da mun lissafa a ofis ko babu haɗi.

Asabar ta biyu, saura kwanaki azumi ya kama, aka sake taruwa. Ban fara da gona ba. Na miƙa wa ɗan dattijon igiyar awo na ce ya kafa turaku biyu inda ya ga dama, ya auna tsakaninsu da hannunsa. Ya auna mita 30. Na ba shi sandar ya riƙe da kansa a kan kowane turke, ya karanta abin da allo ya nuna. Bambancin bai kai faɗin yatsa biyu ba. Na ce masa na'urar gidanmu ba ta san gonar wa ake aunawa ba, sama kawai take kallo, kuma duk wani safiyo da ya kawo daga Jos zai iya sake aunawa ya kama ni in na yi ha'inci. Ya yi murmushi ya ce, "Mu je." Shi ya riƙe sandar a duk kusurwa bakwai. Inda tsofaffi suka nuna, nan muka auna, nan aka zuba siminti. Na'ura ba ta zaɓi iyaka ko ɗaya ba. Mahaifinsa ya ce wa Gwaggo, "Hajiya, yanzu ko mun mutu duwatsu za su yi magana." Ta ce, "Allah ya bar zumunci." Ni kuwa sai a hanya ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka," a nan na ji nauyin ya sauka.

Ba zan ce abin ba shi da rauni ba. Data kaɗan yake ci, megabayit 'yan kaɗan a awa, amma ba ya jure yankewa. In gyaran ya makara da 'yan daƙiƙu da yawa, daidaiton ya tafi. Yana bukatar sola da batir, da kuma mutum a gida. Ƙanwata ce ke riƙe da wannan, har ta san fitilar da za ta duba in na kira, kuma ina ba ta nata kason. In an rufe sabis gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a wasu sassan jihar Kaduna a ƙarshen 2021 saboda tsaro, sai a koma ajiye bayanai a lissafa daga baya. Lambobin da na karanta kuma ba takardar mallaka ba ne. Sai safiyo mai rajista ya sa hannu, a bi ta KADGIS ko ƙaramar hukuma, don tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 hakkin zama a fili daga hukuma yake fitowa. Ta Gwaggo tana kan hanya.

Abin da ya sa na rubuto wannan bai tsaya ga na'ura ba. Filaye da gonaki nawa ne a unguwar nan da suke kamar na'urata a makon farko? A cikin gida kowa ya san na wane ne, daga ina ya fara, ina ya tsaya. Amma ranar da za a nemi shaida daga waje, a kotu ko a ofis ko a gaban jikokin maƙwabci, babu abin nunawa. Da yawanmu takardu sun ƙone, wasu tun asali da baki aka yi. Shaidunmu tsofaffi ne, namu da na maƙwabtanmu, kuma kullum raguwa suke. Gwaggo ta yi sa'a maƙwabcinta mutumin kirki ne kuma yana raye. Wanda ke da irin wannan fili ya tara dattawan ɓangarorin biyu tun ana ga-maciji, a zaga da ƙafa, a kira mai awo, ko ni ko wani. Tashar da ke katangarmu tana kaiwa har Kagoro da Gidan Waya da Madakiya, kuma duk mai awon da ke bukatar gyaranta ya same ni a gida bayan La'asar mu yi magana. Sharaɗina ɗaya ne, ya je ya gwada daga wajen gari kafin ya sa wa dattawa rana.

Allah ya zaunar da garinmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.